Harbin da munka ɗora wa zanzaro da rina, ashe ƙudan zuma ne cikin silin

Abin ga ya faru gidan Gwaggona ne a Argungu cikin watan Maris, lokacin da zafi ya fara kamawa sosai, mangwaro ya gama fure, ruwa ya fara wuya ga mutum da dabba da ƙwari. Na ce bari in rubuta shi tun daga farko har ƙarshe saboda cikin kwana tara mutum huɗu anka harba gida ɗaya, ɗaya har sai da ta kwana asibiti, kuma duk tsawon lokacin mutanen gidan suna ta yaƙi da abin da bai taɓa su ba. Ni malamin aikin gona ne a sakandare a Birnin Kebbi, ƙwari suna cikin abin da nake koyarwa, amma gaskiya wanga lamari ya koya man abin da allo bai koya man ba.

Gidan irin gidajen nan ne na cikin gari, zaure na ƙasa a gaba, tsakar gida da bishiyar darbejiya, sai ɗakuna uku na bulo da kwano da silin waɗanda anka gina daga baya. Randunan ruwa suna jere ƙarƙashin darbejiya, janareta kuma shina ajiye jikin bangon ɗakin ƙarshe ta baya. Ku riƙe wanga, randa da janareta, za mu dawo kansu.

Wadda anka fara harba jikar Gwaggo ce, yarinya 'yar shekara 7. Ta je ɗibar ruwa da rana tsaka, ta kama moɗa sai ihu. Yatsa ya kumbura, anka shafa mata laka da manja, da yamma ta koma wasanta. Babu wanda ya ga abin da ya harbe ta. Amma da yake a kusurwar baranda akwai gidajen zanzaro wajen guda shida manne da bango, sai kowa ya ce ai ga mai laifi nan. Ƙanena ya ɗauko muciya ya farfasa su duka. Ya ce da ya fasa, gizo-gizo ne sunka riƙa zubowa, ƙanana, kamar matattu amma ƙafafu na ɗan motsi, har Gwaggo ta fara salati tana cewa wanga ba banza ba.

To ba wani abin tsoro ba ne, haka zanzaro yake rayuwa. Uwa ɗaya ce ke aikin ita kaɗai, ba ta da runduna, ba ta da masu gadi. Tana ɗauko laka daga bakin rijiya ko inda anka zubar da ruwa, ta gina ɗan ɗaki, ta kamo gizo-gizo ta harbe shi ya sandare bai mutu ba, ta cusa ciki, ta saka ƙwai, ta toshe ta tafi abinta. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsar ta samu nama ɗanye da bai ruɓe ba. Akwai mai gina kamar ɗan tulu, shi tsutsotsin ganye yake tarawa. Za ka gane shi da wanga ƙugu siriri kamar zare, wanda ya sa idan mutum ya cusa riga cikin wando ake cewa ya yi zanzaro. Yana da ƙari, amma sai ka damƙe shi ko ka danne shi cikin tufafi zai harbe ka, ko gidansa kake fasawa yawanci tashi yake ya ba ka wuri. Tun muna yara muke kwana da shi cikin ɗaki.

Bayan kwana biyu sai anka harbi almajirin da ke yi ma Gwaggo aike, shi ma bakin randa, a wuya. Zanzaro dai an gama da shi, sai ido ya koma kan rina. Akwai gidanta ƙarƙashin kwanon da anka yi ma zaure rumfa, ya kai faɗin tafin hannu, rataye da ɗan siririn wuya, ramukan a buɗe suna kallon ƙasa, launin toka kamar tsohuwar takarda. Kuma takardar ce da gaske, rina na kankaro itace busasshe ta tauna da miyau ta gina. Ƙanena ya naɗe takardar siminti jikin sanda ya kunna wuta da ƙarfe biyu na rana ya kai mata. Nan ya samu nashi rabo, harbi uku, biyu a goshi ɗaya a kunne, don ita rina ƙarinta santsi gare shi, tana sokawa ta zare ta sake sokawa. Allah ya kiyaye wutar ba ta kama azarar zaure ba, ga iska ga zafi ga busasshen itace, wallahi duk lokacin da na tuna sai gabana ya faɗi.

Rina ba ruwanta da kai idan ba ka matsa ma gidanta ba, wagga ta yi wata da watanni wurin ana shige da fice ba ta taɓa kowa ba. Kuma mu manoma ya kamata mu san darajarta, tsutsar da ke cin ganyen wake da masara ita take kamawa tana ciyar da 'ya'yanta. Ban ce a bar ta bakin ƙofar ɗakin yara ba, a'a, akwai inda dole a cire. Amma wadda ke can sama nesa da hannu, ban ga dalilin kai mata wuta ba.

Na huɗun shi ya tayar da hankalin kowa. Matar yayana ce, da magariba an tada janareta, ta zagaya bayan ɗaki ɗauko shanya, ga ta da turare a jiki don sun dawo suna. Abu ya shiga gyalenta ya harbe ta a gefen wuya sau biyu ko uku. Ba a yi minti goma ba jikinta duk ya yi borin jini, leɓe ya kumbura, ta ce maƙogwaronta na shaƙewa, tana jin jiri. Wata maƙwabciya ta kawo manja a ba ta ta sha, Allah ya sa yayana ya hana, ya tsayar da Keke sunka nufi asibiti. Allurar adirenalin anka yi mata a cinya, anka sa mata ruwa, ta kwana can. Likitan ya ce musu jikinta ne bai jituwa da dafin, kuma duk ranar da anka sake harbinta kada a tsaya jiran komai.

Ina so in tsaya nan kaɗan don wanga wuri shi ne rai. Kumburi da zafi da ƙaiƙayi a inda anka harba, ko da hannu duka ya haye kwana biyu, wannan an saba, ruwan sanyi ko ƙanƙara a tsumma da maganin ƙaiƙayi sun isa. Amma idan harbi na ƙafa sai ka ga fuska na kumbura, ko borin jini ya bazu, ko murya ta dishe, ko numfashi na fita da ƙyar, ko amai da jiri, to wannan wani abu ne daban kuma cikin mintoci yake kisa. Ba a ɗura ma mai shaƙewa komai a baki. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, idan numfashi ne matsalar a bar shi zaune, kada a sa shi tafiya da ƙafa, a nemi abin hawa. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta maye gurbin allurar. Haka wanda ƙudan zuma sunka yi ma rubdugu da yawa, ko bai da wancan ciwon a kai shi, dafin idan ya yi yawa ƙoda yake taɓawa, wani sai ka ga fitsarinsa ya koma kamar shayi.

Washegari Gwaggo ta kira ni. Ta ce, "Kai da kaka koya ma ɗiyan mutane, taho ka duba muna, abin ga ya hi ƙarhinmu." Ranar Asabar na hau mota, kafin azahar ina Argungu.

Na tarar ƙanena ya riga ya sawo piya-piya kwalba biyu da fetur a gora, kuma yana ta nuna ma mutane wani bidiyo a Facebook na wani ƙaton ƙwaro mai kai ruwan lemo yana yanka ƙudan zuma, wai shi ne ya shigo gari. Na ce masa wanga na ƙasashen Asiya ne, Japan da Sin da Koriya, tsawonsa na kai santimita 5, an gan shi Amurka a 2019 anka yi ta hayaniya har a 2024 sunka ce sun gama da shi, amma ba ƙwaron ƙasarmu ba ne. Mu nan duk babban baƙi mai ƙugi sai mu ce zirnaƙo, mu haɗa su tukunya ɗaya. Ko a gidan akwai wani baƙi ƙato mai sheƙi da ke huda azarar rumfa yana zubo gari kamar na zarto, shi ma an sa shi cikin waɗanda ake tuhuma. Dangin ƙudan zuma ne mai zama cikin itace, ramin da yake yi zagayayye kamar an sa na'ura, namijin da ke ta shawagi gaban fuskar mutum ko ƙari bai da shi. Ɓarnarsa ga katako take.

Abu na farko da na yi tambaya ce, wadda da an yi ta ranar farko da ba a kai ga haka ba. Na ce ma yarinyar, "Da abin ya harbe ki, kin ga wani abu ya maƙale a yatsan?" Ta ce e, wata 'yar ƙaya baƙa da ɗan farin abu a kanta, Inna ta cire da farce. Almajirin ma haka. Matar yayana ma an cire mata biyu a asibiti. Ƙanena kaɗai ne ba a ga komai a nashi ba. To magana ta ƙare. Cikin duk waɗanga ƙwari, ƙudan zuma ne ke barin ƙari a jikin mutum, saboda ƙarinsa na da ƙananan haƙora kamar ƙugiya, idan ya shiga fata bai fita, sai ya tsinke da jakar dafin, shi kuma ƙudan ya je ya mutu. Wanga ɗan farin abu jakar ce, kuma tana ci gaba da tura dafi bayan ƙudan ya tafi, shi ya sa ake so a cire nan take, da farce ko bakin kati ko ma yatsu, saurin shi ne muhimmi.

Daga nan na je bakin randa na tsuguna. Ban yi minti biyu ba na ƙirga sun fi ashirin, jere a gefen murfi da jikin moɗa da inda ruwa ke tsattsafowa a gindin randa. Gajeru ne masu kauri, ruwan ƙasa da ratsin baƙi, jiki da gashi-gashi, ba su da wanga dogon ƙugu da ƙafafu masu reto irin na rina. Suna sha, ciki na ɗan bugawa, sai su tashi. Mutanen gidan sun gan su tuntuni, sun ɗauka ƙudaje ne na zafi. Lokacin bazara ƙudan zuma ruwa yake jigila kamar mai garuwa, yana kaiwa gida yana shimfiɗawa kan saƙa, sauran na fifita da fukafukai don wurin 'ya'ya ya tsaya wajen digiri 35. Wanda ke bakin ruwa bai neman faɗa, sai dai idan ka damƙe shi tare da moɗa, ko ya shiga wuyan riga, abin da ya samu yaran nan biyu ke nan.

Sai na bi su da ido. Duk wanda ya ƙoshi hanya ɗaya yake bi, ya haye katangar banɗaki ya yi bayan ɗakin ƙarshe. Na zagaya a hankali na tsaya daga nesa. Can sama inda kwano ya haɗu da bulo akwai wata kafa da ba ta fi shigar yatsu biyu ba, bakinta ya yi baƙi, suna shiga suna fita ba tsayawa, wasu da ɗan ƙunshin rawaya a ƙafafun baya, garin fure ne. Ganin wannan garin ya nuna man ba baƙi ba ne masu wucewa, sun zauna har suna da 'ya'ya. Kuma janareta daidai ƙarƙashin kafar yake, jingine da bango. Na shiga ɗakin, na kayan ajiya ne ba a kwana ciki, na sa kunne jikin bango sai ƙugi kamar injin niƙa daga nesa, silin ta kusurwa ya yi tabo ruwan ƙasa ya ɗan lotsa, da na taɓa da bayan hannu da ɗumi, tururuwa sun yi layi suna hawa.

Ƙudan zumanmu na Afirka ta Yamma ba irin na Turai ba ne da ake gani mutum na buɗe akwati hannu tsirara. Namu na da saurin fushi, suna fitowa da yawa, suna bin mutum da nisa, kuma girgiza da ƙara da ƙamshi mai ƙarfi na tunzura su. Danginsu na kudancin Afirka ne anka kai Barazil a 1956, sunka kuɓuce a 1957, sunka yi ta yaɗuwa har sunka kai Amurka a 1990, can har suna sunka sa musu na masu kisa. Mu dai da su muka tashi. Kuma idan ɗaya ya harbe ka yana barin wani wari mai kama da na ayaba wanda ke kiran sauran zuwa daidai wurin. Janareta na girgiza bango, ga hayaƙin fetur, ga mace da turare ta zo ta tsaya ƙasan ƙofarsu, kun ga yadda abin ya haɗu.

Nan fa gardama ta tashi. Ƙanena ya ce a toshe kafar da siminti a huta. Na ce idan ka toshe ta waje za su nemi hanya ta ciki, ranar nan sai ka gan su cikin ɗaki dubbai. Ya ce to a fesa piya-piya. Na ce ko sun mutu, saƙa da zuma da tsutsa na nan cikin silin, babu mai fifita, zafin kwano zai narkar da su su zubo, ga wari ga ɓera ga kyankyaso, kuma zumar da ta sha guba yaro na iya lasa. Fetur kuwa ban ma bari an ƙarasa maganar ba. Gwaggo da ke zaune kan tabarma tana ja da carbi ita ta raba gardamar. Ta ce, "Abin da Allah yay yi ma sura guda cikin Alƙur'ani ba a ƙone shi gidana. Ku nemo mai zuma." Suratun Nahli take nufi, sura ta 16, inda aya ta 68 da 69 sunka yi maganar gidajensa cikin duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke ginawa, da abin sha mai waraka da ke fita cikinsa.

Wani dattijo munka samu ta hanyar masu sayar da zuma a kasuwa, daga wani ƙauye ta gefen fadama, shina da amya rataye kan itatuwa ya gada wurin mahaifinsa. Ya zo da la'asar ya duba, bai ce komai ba sai da ya zagaya gidan sau biyu. Na ce, "Baba, ya kuka gani?" Ya ce, "Ɗana, waɗanga sun kwana biyu, sun yi wata huɗu ko biyar. Sai dare." Ya sa anka kwashe yara da matar yayana zuwa maƙwabta, anka ɗaure awaki can zaure, anka gaya ma gidajen kusa su rufe tagogi, ya ce kada wanda ya kunna fitila mai haske kusa don haske suke bi.

Bayan isha'i ya kunna busasshen kashin shanu cikin wani tsohon gwangwani mai huji, ba harshen wuta, hayaƙi kawai fari mai sanyi. Ya rufe fuska da gidan sauro da ya ɗinka jikin malafa, ya ɗaure bakin wando da hannun riga da roba. Ni ina bakin ƙofa riƙe da tocila da anka rufe ma baki da jan leda. Ya busa hayaƙi ta kafar waje, ya jira, ya shigo ya busa ta tsagar silin, ya sake jira, shi dai ba ya gaggawa. Hayaƙi na rufe wancan warin da suke kiran juna da shi, kuma yana sa su duƙufa shan zuma su yi nauyi. Da ya ɗaga allon silin ɗin, ban taɓa ganin abu haka kusa ba. Saƙa bakwai jere rataye jikin katako kamar an jera faifai, na gefe farare tas cike da zuma an rufe da kaki, na tsakiya sun yi duhu, 'ya'ya ne ciki, ƙudan sun lulluɓe su baƙi ƙirin suna motsi kamar ruwa na tafasa a hankali. Ɗakin duk ya ɗauki ƙamshin zuma da hayaƙi.

Da wuƙa ya riƙa yanka ɗaya bayan ɗaya, mai zuma cikin bokiti a rufe, mai 'ya'ya ya jera cikin amyar da ya zo da ita. Sannan ya riƙa ɗibar ƙudan da ƙoƙo yana juyewa ciki. Can sai ya tsaya ya ce in matso da haske, ya nuna man wata doguwa da cikinta ya wuce fukafukanta tana kutsawa cikin sauran. Ya ce, "Ga sarki nan." Haka su ke ce mata, mu a makaranta sarauniya muke cewa don mace ce, ita kaɗai ke ƙwai, lokacin yalwa tana iya yin sama da 1000 a rana. Da ta shiga amya ba a daɗe ba sai sauran sunka fara bin ta da ƙafa kamar an yi musu kira. An harbe shi ya fi sau goma a hannu, yana kankarewa da bakin wuƙa ya busa hayaƙi wurin ya ci gaba. Ni sau ɗaya, a idon sawu, inda safa ta zame.

Bai tafi ba sai da ya kankare katakon tas, ya ce a wanke da ruwan omo mai zafi, a bar silin a buɗe kwana biyu, sannan a toshe kafar da duk wata irinta da siminti da ragar waya. Ya ce warin kaki na daɗewa, idan an bar shi wani ayarin zai zo ya tare wurin, ko bana ko baɗi. Ya ƙara da cewa idan munka ga sun dunƙule jikin reshe kamar ƙwarya, kada a jefe su, matafiya ne, kwana ɗaya ko biyu za su wuce, idan ba su wuce ba a kira shi. Zumar anka raba, ya ɗauki rabi da ƙudan, ya ɗaure amyar bayan babur da asuba kafin gari ya waye.

'Yan kwanaki bayan nan akwai ragowar da ke zuwa suna zagaya inda kafar take, waɗanda sunka kwana waje ne, a hankali sunka ɓace. An mayar da janareta tsakar fili nesa da bango, randuna an yi musu murfi mai kamawa, na sa an ajiye wani tsohon kasko da ruwa da tsakuwa can ƙarshen gida bayan kewaye, don na maƙwabta ba za su daina zuwa neman ruwa ba har damina ta faɗi. Matar yayana yanzu tana yawo da takardar da likita ya rubuta mata cikin jaka, kuma duk gidan an san inda za a nufa da ita. Da na koma hutun ƙaramar salla na ga zanzaro ya sake gini a kusurwar baranda, ɗaki biyu, laka ba ta gama bushewa ba, yarinyar nan na tsugune ƙasa tana kallon uwar na shigowa da ƙwallon laka a baki.